Totuwa a Bututun Akori-kura

Bijimai biyu na huɗa, babur ɗaya mai sauran ƙarfi, da injin ban-ruwa wanda ko rani ɗaya bai gama a hannuna ba. Abin da na bayar ke nan na karɓi wata tsohuwar akori-kura da in ba ta girme ni ba, to mun zo sa'a ɗaya. Uwargida ta tsaya a ƙofar gida tana kallo aka kora bijiman. Sai da aka jawo motar da igiya sannan ta tambaye ni ko kajinta na sayo wa akurki.

Ni kuwa ba motar nake so ba. Fili nake so.

Sana'ata dillancin ababen hawa. Da kekuna na fara a Birnin Gwari, na koma babura, sannan na kai ga tsofaffin motoci, amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun wurin kaina ba. A ƙofar shagunan mutane nake jera haja, yau wannan ya ce na tare masa ciniki, gobe wancan ya ce na matsa gaba. Akwai wani fili a bakin babban titi, daidai inda motocin da ke fitowa daga Kaduna suke rage gudu, da katuwar ɗorawa a tsakiyarsa. Duk dillalin da ya wuce wurin sai ya haɗiyi yawu. Mai shi wani dattijon Gbagyi ne, manomin doya da masara daga wajen Saminaka, kowa Baba yake ce masa. Masu kuɗi sun taya sun gaji. Shi dai ya yi murmushi ya ce bai san abin da zai yi da kuɗi ba, gara ƙasa, ita ba ta ƙarewa a aljihu.

Ni ban taɓa taya shi ba. Gaishe shi nake yi kawai, in ya shigo kasuwa in saya masa shayi mu yi hira. A irin hirar nan ne wata rana ya ba ni labarin ƙuruciyarsa, lokacin da yake yaron mota a wata akori-kura mai jigilar doya. Yana magana idanunsa na ƙyalli kamar mai ba da labarin budurwarsa ta fari. Da ya shanye shayin sai ya ce, "Ɗana, in ka samo mini irinta, ka ɗauki filin nan. Amma da injinta na asali, wanda na sani, wanda in ya yi gardama a hanya zan iya lallashinsa da sufana ɗaya. Ta kai ni gona ta dawo da ni ba ta tsaya ba. Sannan ta hau toka."

Hawa toka shi ne yadda muke sayen tsohuwar mota. A share ƙasa tas, a barbaɗa farar toka, a ajiye motar a kai da zafinta, a tafi a ci abinci. In an dawo a tura ta baya a duba. Ɗigon baƙin mai ɗaya ya isa ya ɓata ciniki, ko ya sare farashi. Maganar kada ta tsaya a hanya kuwa, duk wanda ya san hanyoyin dajinmu ba sai an yi masa bayani ba.

Na yi ta cigiya har na ji labarinta a Damari, a bayan wani gida, ƙarƙashin mangwaro, inda ta kwana ta tashi tun kafin rasuwar mai ita. 'Ya'yansa manoma ne, shanu suke so ba ƙarfe ba, ciniki bai yi wuya ba. Kafin na sallama sai da muka ɗaura mata batir, muka zuba fetur a kafireta, ta yi tari ta kama. Na bar ta ta yi zafi a kan toka. Ko ɗigo babu. A hanyar dawowa waƙa nake yi ni kaɗai.

Na kai ta garejin taubashina. Ɗan goggona ne, bakanike, mutum mai cika baki wanda bai taɓa yarda akwai injin da ya fi ƙarfinsa ba. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya zagaya motar sau da dama, hannu a baya.

"Bawana," ya ce, "wa ya rasu aka ba ka wannan a gado?"

"Yi aikinka, likitan gawa."

"Ai gawa ma tana da mutunci. Wannan sai dai a yi mata addu'a a sayar wa 'yan gwangwan."

Yana zagi yana shafa mata bonet. Na san ta shiga ransa. Ya sauya filogi, ya wanke kafireta, ya ɗinke lagireto, ya gyara birki, muka sa mata tayoyi masu dama-dama. Ranar wata Juma'a ya ce ta tashi. Na saka farar babbar rigata, na ce da ita zan je masallaci, in bi ta gaban filin a hankali yadda labari zai kai wa Baba kafin ni.

Daga gareji zuwa tasha lafiya lau. Mutane na ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗagawa kamar ɗan takara. Na miƙe titi na ba ta wuta don in ji muryarta. Can sai na ji wani abu ya buga bonet daga ciki, tas, wari ya cika gaban motar. Na gangara gefe, na fito, na ɗaga bonet injin na aiki. Sandar gejin mai ta yi tsalle ta fita daga raminta, ramin kuma yana fesar da baƙin mai kamar an matsa tiyo. Kafin na ja da baya rigata ta koma ta damisa, tun daga wuya har gwiwa. A wannan Juma'ar da aron riga na yi salla.

Taubashina ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Da ya huta sai ya yanke hukunci: ringin fistin da ke can cikin inji sun mutu, sai an sauke shi an fasa. Na ce ba za a fasa ba, don na san in aka fasa injin da ya kai wannan shekaru, neman kayansa sai ya kai mu wata damina, Baba kuwa so yake ya kwashe doyarsa da ita a kakar nan. Muka yi ta musu. Don ya nuna mini hujja ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta. Ya yi ta laluben ƙasan injin. Sai na ji ya ce, "Miƙo mini filaya."

Ya fito riƙe da wata baƙar aba mai tsawon yatsa, tana naso. Na karɓa na juya ta. Totuwar masara ce.

A gefen injin akwai wani bututun ƙarfe da ya lanƙwaso ya kalli ƙasa. A bakinsa aka dunƙula totuwar, ta jiƙe da mai ta kumbura ta zama kamar an haife shi da ita. Na kira babban ɗan marigayin a waya, ya ce, "Af, wannan ai mahaifinmu ne ya sa muka toshe ko'ina saboda zanzaro. Ashe akwai wadda muka manta?" Gaskiyarsa ce. A ƙauyukanmu duk injin da zai daɗe a ajiye, na niƙa ne ko na ban-ruwa, sai an bi kowace kafa an cusa mata totuwa, in ba haka ba zanzaro ya yi gininsa na laka a ciki. Sun cire ta salansa, sun cire ta kafireta, wannan da take ɓoye a ƙasa ta sha da ƙyar.

Taubashina ya gyara tsayuwa ya fara karatu, kamar ba shi ne ya ce a fasa inji ɗazu ba. Ya ce duk inji, sabo ko tsoho, in fetur ya ƙone a saman fistin, wani ɗan hayaƙi yana silalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda mai yake kwance. Dole a ba shi hanyar fita. In an toshe, zai taru ya nemi hanya da kansa, ta geji, ta gasket ɗin da ke liƙe mahaɗan inji, ta ko'ina. Wannan bututun shi ne hanyar.

Muka tayar da ita ba totuwa. Geji ya zauna lafiya. Na fara murna, sai na leƙa ƙasa. Bututun na huci, fuf, fuf, fuf, hayaƙi mai maiƙo yana bin ƙasan motar yana shigowa ta ramukan daɓen gaba. A bakinsa kuma wani baƙin ɗigo yana taruwa, ya yi nauyi, ya faɗi. Wani ya biyo shi.

"Gyara wannan," na ce.

"Ba lalacewa ba ce. Haka masu ita suka ƙera ta. Zamaninsu ba a hawa toka."

To ga inda na tsaya. In totuwa na ciki, ta ci toka amma ta fashe a hanya. In babu totuwa, ta ci hanya amma ta faɗi a toka. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in tafi da totuwa a aljihu, in an dawo daga gona in faki ido in cusa ta kafin a hau toka. Na auna maganar na ajiye. Dattijon da ya yi yaron mota ba za a cusa wa motarsa abu a gabansa bai gani ba. Ko da ma ya ƙi gani, a filin nan zan zauna sauran rayuwata, a bakin titin da yake bi duk ranar kasuwa. Dillali ba ya cin wanda ya san inda zai same shi.

Abin da ya fitar da mu, yawan buɗe bonet ne. Ni ban iya gyara ba, amma na leƙa cikin motoci fiye da yadda zan iya tunawa. Akwai wata ƙaramar mota ta zamani da aka kawo garejin ta yi haɗari, na tsaya a kanta ina kallo, na ce, "Kai, me ya sa waɗannan ba su da bututun da ke kallon ƙasa? Su ba sa yin hayaƙin?"

Ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya bi wani siririn tiyo da yatsa, daga murfin saman inji har zuwa wuyan da inji ke zuƙar iska.

"Mayar masa suke yi ya shanye abinsa," ya ce a hankali. Sai ya daka tsalle. "Ai dama abin da nake shirin gaya maka ke nan!"

"Ƙarya kake yi."

"Wallahi yana bakina!"

Daga nan hankalinmu ya bar jikinmu. Manya da mu, masu iyali, muka koma kamar yaran da aka ba sabon abin wasa. Muka yanke bututun ƙarfen, muka ɗaura masa tiyo. A ƙarƙashin kafireta akwai wata ƙaramar kafa da aka rufe da noti tun daga masana'anta, muka cire notin muka sa ɗayan bakin tiyon. Na shiga na murza makulli. Injin ya yi wani irin kuka, ya haura sama kamar zai tashi da motar, salansa ta saki shuɗin hayaƙi da ya rufe garejin har mai tuyar awara ta maƙwabta ta kwashe kaskonta tana Allah ya isa. Sannan ya mutu. Ya zuƙi iska fiye da kima, ya haɗa da mai.

"Ci gaba ne," in ji taubashina yana tari. "Da a ƙasa take zubarwa, yanzu a sama."

Muka gane abu biyu. Sai an sami abin da zai rage zuƙar, sai kuma abin da zai tare mai a hanya. Na farko yana jikin motar haɗarin: wani ɗan bawul kamar kan alƙalami a bakin tiyon, in ka girgiza shi yana ƙas-ƙas. Na saye shi a wurin mai motar, yana ta mamakin abin da zan yi da shi. Na biyu muka ce gwangwani za mu sa a tsakiya, hayaƙi ya shiga ta nan ya fita ta can, mai ya zauna a gindi. Muka huda gwangwanin madara, muka liƙe da dalma. Ina murza makulli gwangwanin ya tsotse, ya lotse, ya koma kamar kumatun tsohuwa. Muka dubi juna muka fashe da dariya har hawaye.

Mai walda ya yanko mana guntun bututun famfo mai kauri, ya toshe sama da ƙasa, ya fitar masa da baki biyu, ya sa noti a gindi don zubar da abin da ya taru. A ciki muka cusa soson ƙarfe na wanke tukunya, don mai ya sami abin kamawa. Sabo fil na ɗauko daga madafar uwargida, maganar da har yau ba a gama ba. Murfin zuba mai kuma muka huda shi, muka jawo masa tiyo daga tukunyar tace iska, don iska mai tsabta ta riƙa shiga yayin da ƙazamar ke fita.

Muka tayar. Geji ya sake yin tsalle.

"Likitan gawa," na ce, "ka kashe ni."

Ya cire bawul ɗin, ya hura ta nan, ya hura ta can, ya kalli sama. A juye ya sa shi. Ya ce gwada ni yake yi ya ga ko ina lura. Ya juya shi, ya ɗaure, na murza. Injin ya kama, yana ɗan rawa. Ya sa sukudireba a kafireta yana murzawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace, har rawar ta lafa, muryar ta daidaita, ta zama irin gurnanin kyanwar da ta ƙoshi.

Ya buɗe murfin zuba mai. Da, in ka buɗe wurin, huci ne zai doke ka a fuska. Ya tsinko ganyen mangwaron da ke bakin garejin ya ɗora a bakin ramin. Ganyen ya manne. Ya ɗaga shi, ya sake, ya sake mannewa, ɗaf.

Ban san lokacin da na rungume shi ba, da maiƙonsa da komai. Muka yi ta zagaya motar muna ihu. Na kira mai shayi ya zo ya ga ganye. Na kira mai walda. Na je har gida na ba mai awara haƙuri, na jawo ta ta zo ta ga ganye, ta duba ta ce ita ba ta ga abin kallo ba, na ce ta sake dubawa. Wunin ranar duk wanda ya biyo ta gaban garejin sai an nuna masa, har reshen mangwaron na ƙasa ya yi sanƙo.

Na gwada ta a titi, na gwada ta a hanyar burji, na gwada ta da lodin yashi. Sannan na aika wa Baba.

Ya zaɓi ranar da ayarin manoma ke fita tare da hantsi. Shi ya karɓi sitiyari, matarsa, wadda muke kira Mama, ta zauna a tsakiya da farin ɗankwalinta na zumuntar coci, ni a bakin ƙofa, taubashina a baya da akwatin sufanu yana riƙe da ƙarfe. Baba ya sa giya kamar jiya ya sauka daga motar. Muka bi hanyar gona, ciyawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, kowa ido a gaba, ba mai yawan magana. Ta haye rafi, ta hau tudu, aka loda mata doya har ta zauna, ta juyo da mu. Ko atishawa ba ta yi ba.

A ƙofar gidansa an riga an share ƙasa an barbaɗa toka. Ya hau da ita ya kashe. Mama ta kawo sakwara da miyar ganye. Ban san ɗanɗanonta ba, idona na kan ƙasan motar. Da aka wanke hannu muka tura ta baya. Toka fari fat, sai sawun taya.

Na miƙa masa hannu. Bai karɓa ba.

"Ɗana," ya ce, "ba ita ba ce."

"Baba, kamar yaya?"

"Kun canja mata inji. Wadda na sani tana da wari. In ka wuni a cikinta, ko ka yi wanka sai an san ka hau mota. Wannan tun safe nake shinshina, babu komai. Kun sa mini na zamani kun shafe shi da baƙin fenti."

Na buɗe bonet na nuna masa kafireta, na nuna masa lambar da ke jikin inji. Ya ce lamba ai bugawa ake yi. Ya nuna tiyon da guntun bututun famfon ya ce a zamaninsa babu waɗannan. Taubashina ya fara dogon bayanin fistin da ringi, Baba ya juya masa baya. Na ji filin yana zamewa daga hannuna saboda aikin ya yi kyau fiye da yadda ake so.

Sai na ce a ba ni sufana. Na karɓi wani fasasshen kofi a wurin Mama, na tara a ƙarƙashin bututun famfon, na kwance notin gindinsa. Wani baƙin ruwa mai kauri ya gangaro, kamar cokali guda, da ɗuminsa. Na miƙa wa Baba.

Ya kai hanci. Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na fara tunanin ko lafiya. Sai na ga kafaɗunsa na motsi, dariya yake yi ba sauti.

"Ita ce," ya ce. "Kai, ita ce. A nan kuka ɗaure warin?"

"A nan yake, Baba. Duk ranar da ka yi marmari ka kwance noti."

"Ya zauna a inda yake," in ji Mama. Ta cire ɗankwalinta ta duba gaba da baya ta mayar. "Da muna saurayi da budurwa, in ya zo zance sai na yi kwana biyu ina jin ƙaurin a zanena. Na haƙura a lokacin don ba ni da zaɓi."

Ya kama hannuna ya riƙe. Aka kira mai unguwa da shaidu a satin, aka nuna mini iyaka.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa shanu a shekarar da huɗa ta yi tsada, sai haya na yi. Rigar Juma'a ta zama tsumman goge gilashi. Na sami fili a bakin titi, wanda ko an haɗa abin da na bayar sau uku ba zai saye shi ba. Sai dai ranar da na je kafa rumfa na tarar taubashina ya riga ni, ya jawo matattun motocinsa ya jera a ƙarƙashin ɗorawar, ya rataya buhun sufanu a reshe. Na ce wa ya ba shi. Ya ce ladan juya bawul ne. Saboda haka fili nawa ne, inuwar tasa, ni ina rana da hajata. Na auna ta kowace fuska, har da zafin ranar, riba na ci.